Allon kunnuwa ko biredbod: da wanne mai koyo ya kamata ya fara?

Baba mai gyaran rediyo: Assalamu alaikum. Magana zan kawo, na kuma san ba kowa zai yarda da ita ba. Duk wanda yake son koyon haɗa kayan lantarki, a ganina kada a fara miƙa masa biredbod, allon robar nan mai ramuka da ake cusa ƙafafun kaya a ciki ba tare da solda ba. A ba shi allon kunnuwa, siririyar sandar bakalait (wata roba mai tauri) ɗin nan da aka jera wa kunnuwan ƙarfe masu huda, a haɗa masa da ayon, wato ƙarfen yin solda, da dalmar da ake narkarwa da shi. Da irinsa aka haɗa rediyoyin bawul, masu ƙwayayen gilas ɗin nan da aka yi amfani da su kafin tiransisto, tun shekarun 1930 har zuwa na 1950. Ka buɗe ɗaya yau, za ka tarar kafasito mai tara wuta ta mutu, rizisto mai rage gudun wuta ta canza ƙima, amma ƙafar da aka naɗa a kunne aka zuba mata dalma da kyau tana nan daram.

Sabon shiga: Wa alaikumus salam, Baba. Kamar ka san abin da yake damuna. Kwana uku ina fama da wata ƙaramar amfilifaya mai tiransisto biyu a kan biredbod. Sauti ya zo, ya ɗauke, ya dawo da ƙara-ƙara. In na taɓa wata waya da yatsa sai ya gyaru, in na ɗaga sai ya tafi. Na canza tiransisto, na canza batir, har na fara zargin zanen da nake bi. Ashe rami ɗaya ne ya saki. Tun da farko na taɓa tura ƙafar wata diyod mai kauri a ciki, ta buɗe ɗan ƙarfen da yake matse waya, bai ƙara riƙe komai ba.

Malamar kimiyya: Sannu da wahala, ƙanena, amma rami ɗaya da ya lalace ba zai sa a jefar da allo duka ba. Baba, da girmamawa, ban yarda ba. Ni da nake zama da masu koyo na ga abin da biredbod yake yi musu. Ka ba yaro aisi 555, 'yar ƙwayar lantarkin nan mai ƙafafu a jere da ke ƙidaya lokaci, da ƙaramar fitila, cikin minti goma ya canza rizisto sau biyar, yana gani da idonsa yadda ƙyaftawar fitilar take sauri ko take jinkiri. A nan ne lissafin yake shiga kansa. In da dalma ce, kowane canji sai ya narkar, ya tsotse, ya jira ta huce. Kafin ya kai na uku zumuɗin ya tafi. Ga kuma ayon da yake kai maki 350 na zafi a hannun wanda bai taɓa riƙe shi ba.

Sannan wata matsalar da ba ta da makawa: tsakanin ƙafafun aisi milimita 2.54 ne kacal. Tsakanin kunne da kunne kuwa wani lokaci ya kusa santimita guda. Ina za ka zaunar da ita? Biredbod ya fito a farkon shekarun 1970 ne daidai da wannan ma'auni, don haka aisi take zama a kansa kamar an gwada.

Baba mai gyaran rediyo: Malama, saurin nan da kike yabo shi ne abin da nake tsoro. Na ga masu cire wannan su sa wancan, su cire su sa, har abu ya yi aiki ba tare da sun san dalili ba. Allon kunnuwa ba ya barin ka yi haka. Dole ka ɗauki takarda ka zana kunnuwan, ka ce wannan na wuta ne, wannan na at ne, wato hanyar da wuta take komawa, a wannan ƙafar tiransisto za ta haɗu da rizisto biyu da kafasito. Kafin ka kunna ayon ka riga ka bi hanyar wutar da kanka tun daga batir har ta dawo. Kuma kowace mahaɗa tana fili. Ka ɗora bakin mita a kan kunne, ka san abin da kake aunawa ke nan, babu wani ƙarfe ɓoye a ƙarƙashin roba da za ka yi ta zato a kansa.

Batun wahalar canji kuma akwai dabara. In gwaji kake yi, kada ka naɗa ƙafar. Ka zura ta cikin hudar kawai, ka ɗiga dalma kaɗan. Taɓawa ɗaya da ayon ta fito. Sai ka gamsu da ƙimar sannan ka lanƙwasa ta a kunnen da filaya, ka yanke saura, ka dumama kunne da ƙafa tare har dalmar ta malala ta yi sheƙi. In ta dunƙule kamar ƙwallo ta yi duhu, ba ta kama ba.

Mai haɗa amfilifayar bawul: Ni a fannina babu ma gardama. Wutar da nake aiki da ita tana kaiwa bolt 300 zuwa 450. Wa zai sa wannan a ramukan da ke manne da juna a cikin roba? Biredbod da ƙyar yake ɗaukar amfiya ɗaya (ma'aunin yawan wutar da ke gudana), alhali bawul EL34 guda ɗaya, abin dumama ta kaɗai yana jan amfiya 1.5. Rizisto mai wat 5 in ta yi zafi, a kan kunnuwa tana rataye a iska tana shan sanyi, a kan roba kuwa narka ta za ta yi. Kamfanin Tektronix ma da kunnuwa a kan tangaran ya haɗa tsofaffin na'urorinsa na duba igiyar lantarki, har yakan ajiye ɗan naɗin dalma mai azurfa a cikin akwatin, domin dalmar da ba ta da azurfa tana cinye rufin da ke kan tangaran ɗin. Mutanen da suka yi wannan ba su ɗauki kunnuwa kayan wasa ba.

Amma, Baba, ba zan ce sabon shiga ya bi ni nan ba. Manyan kafasito suna riƙe wuta bayan an cire soket, kuma kunnuwa tsirara suke. Ni ba na sa hannu sai na sauke wutar ta cikin rizisto, na auna da mita na ga ta sauka.

Ɗalibin injiniya: Ku gafarce ni, iyayena, ni ina ganin duka biyun suna da iyaka ɗaya. Da zarar motsin wutar ya yi sauri, su biyun suna ba da matsala. Tsakanin layi da layi na biredbod akwai 'yar kafasito ta ɓoye, fikofarad biyu zuwa biyar, shi ya sa in an wuce megahaz goma, wato motsin wuta sau miliyan goma a daƙiƙa, abubuwa suke rikicewa. Allon kunnuwa kuma yana tilasta maka dogayen ƙafafu, kowace milimita ta waya tana ƙara kusan nanohenri guda, ma'aunin turjiyar waya ga saurin canjin wuta. Masu haɗa rediyo a gida da yawa sun koma kan falle mai rufin jan ƙarfe, su kifa aisi ƙafafu sama kamar mataccen ƙwaro, su yi solda kai tsaye, fallen duka ya zama at. Ga Veroboard ma, allo mai ramuka da layukan jan ƙarfe, tun farkon shekarun 1960 ake yin sa, na yanzu kuma ramukansa daidai suke da ƙafar aisi. Kuma yawancin sababbin aisi yanzu ba su da ƙafar zurawa ko kaɗan, manna su ake yi a saman allo, wasu rabin milimita ne tsakanin ƙafafunsu.

Baba mai gyaran rediyo: Lissafinka daidai ne, ɗana, amma ka tuna rediyoyin gajeren zango da suke kama har megahaz 30, da talabijin na farko, da hannu aka haɗa su a kan irin waɗannan kunnuwa. Sirrin shi ne ka kafa allon kusa da inda ake bukatarsa, ka gajarta ƙafa, ka bar ƙarfen akwatin ya zama at. Doguwar ƙafa laifin mai haɗawa ne.

Malamar kimiyya: Waɗanda suka haɗa su ƙwararru ne da suka shekara suna yi, Baba, mu kuwa maganar ranar farko muke yi. Na ga tiransisto da mai koyo ya kashe da zafi saboda ya daɗe yana danna ayon yana jiran babban kunne ya ɗauki zafi. Na ga bakalait da ya ƙone ya yi baƙi, kunnen ya fara girgiɗi. Wanda ya lalata kaya uku a zama ɗaya, da wuya ya dawo gobe. Ina koya musu solda, da tagogi a buɗe saboda hayaƙin, da wanke hannu bayan an taɓa dalma, amma sai bayan sun ga abu ya yi aiki a hannunsu. A kan wannan ba zan motsa ba.

Baba mai gyaran rediyo: A kama ƙafar tiransiston da filaya tsakanin jikinta da kunnen, filayar za ta sha zafin. Wannan ma darasi ne na ranar farko, kuma wanda ya koye shi ba ya mantawa.

Sabon shiga: Ni dai amfilifayar nan ba ta da aisi, tiransisto biyu ce da rizisto shida da kafasito uku, don haka zan gwada ta a kan kunnuwa. Ina da allo biyu masu kunne bakwai-bakwai. Na ga kunne ɗaya a kowanne ya fi sauran tsawo, ya lanƙwaso ƙasa da hudar ƙusa. Shi ma zan iya sa masa kaya, Baba?

Baba mai gyaran rediyo: Madalla da ka tambaya kafin ka kunna. Wannan ƙafar ɗaure allon ce. In a akwatin ƙarfe ka ɗaure shi, kunnen ya haɗu da jikin akwatin ke nan, to at kaɗai za ka kai masa. In ka kai masa wayar wuta, ka haɗe wuta da at ke nan, batirinka ya yi shot. Ka jera allunan biyu suna kallon juna, tazarar tsawon rizisto ɗaya da ƙafafunta, kaya su tsallaka tsakani. Ka zana a takarda tukuna, ka turo mu duba kafin ka taɓa ayon.