Lemu ko hariko ber: wanne ya fi amfani a jiki?

Maman Nana, Garin Malam

Assalamu alaikum. Ina neman bayanin masu sani a kan wata magana da ta haɗa ni gardama da maigidana. Ƙanwata ta haihu wata biyu da suka wuce, tana zaune a wurina, kuma da aka auna ta a asibiti an ce jininta ya yi ƙasa, aka ba ta ƙwayoyin ƙarin jini, aka ce a yawaita mata ƴaƴan itace da kayan lambu. A gidan kuma akwai surukata, wadda ta daɗe tana fama da ciwon sukari. Yanzu da ɗari ya shigo, kasuwar Dole ta nan Damagaram ta cika da lemu da hariko ber, wato koren waken nan da ake dafawa da kwasfarsa, amma kuɗin cefane ba ya isa a sayi duka biyun kullum. Maigida ya ce lemu ne magani, ni kuwa ina ganin wake ai wake ne, dole ya fi gina jiki. Wanne ya kamata in fifita?

Malamar jinya, Sabon Gari

Wa alaikumus salam, Maman Nana, barka da arziki, Allah ya raya. Ke da maigidanki kowa ya kama gefe ɗaya na gaskiya, domin abubuwan nan biyu ba aiki ɗaya suke yi a jiki ba.

Idan aka auna giram 100 na ɓararren lemu, za a samu bitamin C kimanin miligiram 53, alhali a giram 100 na ɗanyen hariko ber bai wuce miligiram 12 ba, kuma wannan kaɗan ɗin ma wuta tana rage shi, tun da bitamin C ba ya jure zafi, yana kuma narkewa ya bi ruwan dahuwa. A nan lemu ya yi nisa ƙwarai, har lemu ɗaya matsakaici yana kusan biya wa babban mutum buƙatarsa ta yini guda. Amma ta wajen sinadarin ƙarfe, wanda jiki ke haɗa jini da shi, hariko ber yana da kusan miligiram 1, lemu kuwa kashi ɗaya cikin goma na haka kawai yake da shi. Sukarin lemu ya kai giram 9, na hariko ber kuwa bai wuce giram 3 da ɗoriya ba. Ta wajen zaren abinci mai taimaka wa hanji da kuma sinadarin folat, wani nau'in bitamin mai taimakawa wajen haɗa jini, kusan kunnen doki suke.

Abin da ya fi muhimmanci ga mai jego shi ne, ƙarfen da ke cikin tsirrai jiki ba ya tsotse shi da sauƙi, bitamin C ne ke taimaka masa. Saboda haka lemun da aka sha bayan an ci wake ko ganye yana ƙara wa abincin daraja. Raba su ranaku daban-daban hasara ce. Gara ki sayi rabin kowanne ki haɗa mata su a ci ɗaya.

Dattijo mai lambu, Mirya

Ƴata, ni ba likita ba ne, amma na yi shekaru ina shuka wannan abu a lambun rani, kuma ina so in gyara miki zance ɗaya. Sunan wake ne ya ruɗe ki. Hariko ber ana tsinke shi tun yana ɗanye shataf, ƙwayar cikinsa ba ta nuna ba, shi ya sa yawancinsa ruwa ne da kwasfa, ɗan'uwan kabeji da karas ne a tukunya. Waken da ke gina jiki shi ne namu na gona, wanda muke ƙosai da ɗanwake da shi. Idan ƙarfi kike nema wa ƙanwarki, tiyar wake ta fi miki kwandon hariko ber, ga kuma araha.

Lemun ma, yawancinsa daga Najeriya ake hauro mana da shi, kuɗin mota da na hanya duk a kanmu suke ƙarewa, alhali muna da gwaba da garin kuka a nan kusa waɗanda ba mu ɗauke su bakin komai ba. Malama ta faɗa mana ko ƙarya nake yi.

Malamar jinya, Sabon Gari

Baba, ba ka yi kuskure ba ko kaɗan. Sinadarin gina jiki a giram 100 na hariko ber bai cika giram 2 ba, a busasshen wake kuwa ya haura giram 20, kodayake idan ya dahu ya sha ruwa adadin yana sauka. Gwaba kuma ta ninka lemu kusan sau huɗu a bitamin C, farin garin ƴaƴan kuka shi ma ya fi lemu. Sai dai kada a raina hariko ber saboda wannan, domin ƙarancin sukarinsa shi ne ya sa ya dace da tsohuwar, wato surukar Maman Nana mai ciwon sukari: yana cika ciki ba tare da ya tayar da sukarin jini ba.

Abban Sadiku, Zango

Malama, a nan ne nake da ja. Mahaifina yana da ciwon sukari, kuma mu a gidanmu mun hana shi lemu ɗungurungum tun ranar da muka tatsa masa kofi guda da buɗa-baki, awonsa ya hau sama. Ina ganin bai kamata a bar Maman Nana ta ba surukarta lemu ba.

Malamar jinya, Sabon Gari

Malam, tatsar ce ta jawo. Kofi ɗaya yana cinye lemu biyu ko uku, an zubar da zaren da ke rage saurin shigar sukari cikin jini, ga shi an sha a kan yunwar azumi. Lemu ɗaya da aka ɓare aka ci da totuwarsa bayan abinci, yawancin masu wannan ciwo suna iya ɗaukarsa, amma wanda ke duba tsohuwar shi ya san awonta da magungunanta, shi za a tambaya. Yadda muka saba yanke kan lemu mu tsotse ruwan mu jefar da saura, kusan tatsar ce aka yi da baki.

Maman Nana, Garin Malam

Na gode, Allah ya saka da alheri. Baba, na karɓi gyara, gobe zan auno wake. Malama, saura tambaya ɗaya: yaya zan dafa hariko ber ɗin, kuma ƙwayoyin ƙanwata da shayin safe take haɗiye su, ko akwai laifi?

Malamar jinya, Sabon Gari

Akwai, domin ganyen shayi yana hana ƙarfe shiga jiki yadda ya kamata, haka ma madara. Ta sha ƙwayar da ruwa ko tare da lemu, ta jinkirta shayin kamar awa biyu. Hariko ber kuwa kada a ci shi ɗanye, yana iya ɓata ciki, kada kuma a bar shi a wuta har ya yi lugub ya canja launi. Ki wanke shi sosai kafin ki yanka, ki turara shi ko ki zuba shi a miya minti goma kafin ki sauke, yadda ruwan da ya saki zai tsaya a cikin tukunyar.