Muhawara: Tsohon Bahaushe a Legas, gida zai koma ko nan ne gida?

Alhaji na Mile 12: Salamu alaikum jama'a. Na ga saƙon da aka turo jiya, wai mu kai iyayenmu su yi katin LASRRA, wato na hukumar rajistar mazauna jihar Legas, su kuma shiga inshorar lafiya ta Ilera Eko. Ni dai a ganina wannan ba tamu ba ce. Neman abinci ne ya kawo Bahaushe Ikko. Ranar da ƙarfi ya ƙare, a sa mutum a mota a mai da shi cikin danginsa. Duk tsarin da gwamnatin Legas za ta yi wa tsofaffi, 'yan asalin jihar take yi wa.

Maman Sadiya, Agege: Wa alaikumus salam. Alhaji, da girmanka, wane gidan? Fataucin goro ne ya kawo kakana Agege, kuma a nan aka binne shi. Babana a nan aka yanke masa cibiya, yau ya haura tamanin. In na kai shi Katsina, ƙofar wa zan ƙwanƙwasa?

Nasiru, Idi-Araba: Baba Alhaji, a yi min afuwa, akwai gyara. LASRRA rajistar mazauna ce, duk wanda ke zaune a Legas ya cancanta, ko daga wace jiha ya fito. Ilera Eko ma haka. An yi dokarta a 2015, aka ƙaddamar da shirin a 2018, a 2024 kuma Gwamna Sanwo-Olu ya sa hannu a umarnin da ya wajabta inshorar lafiya a kan mazauna jihar. Dokar inshora ta tarayya ta 2022 ta tanadi asusun masu rauni, tsofaffi na ciki. Gwamnati da lissafi take aiki. Wanda ba ya cikin rajista, ba da shi ake kasafi ba.

Malam Isiyaku, Ijora: Ni tsorona daban ne. Daga kati sai a zarce gidan tsofaffi irin na gwamnati da ke Yaba. Allah ya hana mu ce wa iyaye ko da "uf", a Suratul Isra'i. Ɗa yana raye a kai mahaifinsa hannun ma'aikata? Wannan abin kunya ne.

Maman Sadiya, Agege: Allah ya gafarta Malam, babu wanda ya ce a kai su Yaba. Wancan gida amfaninsa ga wanda ba shi da kowa ne, kuma irinsu suna nan, har cikin namu. Amma ina roƙo a saurare ni, don kuna maganar jinya ne alhali mu muke yin ta.

Tun da ɓarin jikin Baba ya shanye, ni ke juya shi dare da rana don kada gyambon kwanciya ya kama shi. Ɗaki ɗaya muke da yara. Da asuba nake tare mai ruwa in sayi jarkoki, don zanen gado ba ya jiran gobe. Kunzugun manya kuɗi, maganin hawan jini kuɗi, ranar asibiti sai na nemo samari biyu su ciccibe shi zuwa bakin titi. Tandar wainata tana ƙarƙashin gado ta yi ƙura, da ita nake biyan kuɗin makarantar yara a da. 'Yan uwana maza suna turo abin da ya sawwaƙa, Allah ya saka musu, amma ba wanda ya taɓa kwana da shi.

Ban gaji da mahaifina ba, wallahi. Abin da nake so kaɗan ne. Ma'aikaciyar jinya daga ƙaramin asibitin unguwa ta riƙa leƙo mu ko sau ɗaya a wata. A koya min yadda ake ɗaga shi ba tare da na karya bayana ba. A ware wa tsofaffi layinsu a asibiti. Wanne ne ya saɓa wa addini a ciki?

Malam Isiyaku, Ijora: Babu ko ɗaya, 'yata. Allah ya yi miki albarka, ya ba shi lafiya.

Alhaji na Mile 12: Amin. Amma Nasiru, takarda daban, aiki daban. Hukumar fansho ta jiha ma'aikatanta ta sani. Ɗan dakon da ya ƙare ƙuruciyarsa yana sauke buhunan albasa da kwandunan tumatir a kasuwar nan, kullum ana yankar masa tikiti, wa ya san da shi ranar da gwiwa ta ƙi?

Nasiru, Idi-Araba: Ai hujjata kenan Baba. Ya biya, saboda haka yana da haƙƙi. Kuma jiha na iyawa in ta so. A 2011 Ekiti, zamanin Gwamna Fayemi, ta fara ba tsofaffi marasa ƙarfi 'yan 65 zuwa sama naira 5,000 duk wata. Ekiti ba ta kama ƙafar Legas wajen kuɗin shiga ba. A tarayya ma akwai cibiyar kula da tsofaffi ta ƙasa, da manufar tsufa da aka amince da ita a 2021, amma aikin yau da kullum a hannun jihohi da ƙananan hukumomi yake.

Bala mai gadi, Obalende: Ni ina bayan Alhaji rabi. Mu 'yan ci-rani iyalinmu na gida, can za mu koma in da rai. Kwanakin baya mun yi karo-karo mun sallami wani dattijo abokin aikinmu da ido ya gaza. Sai dai da ya isa, 'ya'yansa maza duk suna nan kudu wajen nema. Matarsa ce kaɗai ke fama da shi, ita ma ta manyanta.

Alhaji na Mile 12: To ka gani, ko ba komai yana jin kiran sallar masallacin unguwarsu. Ni ban sauka daga ra'ayina ba game da masu gida a Arewa. Na haifaffun nan kuwa, na ji maganar Maman Sadiya.

Maman Sadiya, Agege: Na gode Alhaji. To mu haifaffun nan mu fara. Kowace unguwa ta rubuta tsofaffinta da ke kwance da sunan mai jinyarsu, a kai fadar Sarkin Hausawa, daga can a nemi zama da shugaban ƙaramar hukuma. Ni zan ɗauki layinmu da na bayanmu. Nasiru, wanda ba ya iya tashi daga gado, yaya za a yi da rajistarsa?

Nasiru, Idi-Araba: Zan je ofishin LASRRA ranar Litinin in tambayo, Yaya. In an samu masu yawa a wuri ɗaya, sai mu rubuta takarda mu roƙi su zo unguwa da na'urarsu.