Masu ciwon ƙirji na zuciya: ku ma tashi na biyu ya fi muku sauƙi?

Dattijon unguwar Misfala a Makka: Salamu alaikum. Likita ya ce jijiyoyin da ke kai wa zuciyata jini sun ƙuntata. In na fito sallar asuba, tun ban gama hawan tudun unguwarmu ba ƙirji ya ɗaure kamar an aza min buhun shinkafa, har hannun hagu ya amsa. Sai in jingina da ƙofar wani shago in huta. In na sake tashi kuwa, hawan da ya fi na farko tsawo sai in wuce shi sumul. Akwai mai ganin haka?

Direba a Jidda: Baba, ni ma haka nake a bakin teku. Farkon tafiyar ne wuya. Amma ranar da na cika ciki da kabsa (shinkafa da nama irin ta Saudiyya), ko na huta sau nawa ba ya saki.

Ma'aikaciyar jinya: Allah ya ƙara sauƙi, Baba. Likitocin zuciya sun san abin nan. Ƙarancin jini na ɗan lokaci yana sa tsokar zuciya ta shirya, sai ta fi jure na biyu. A 1986 aka nuna irin wannan a jikin karnuka a Amurka. Sai dai kariyar ba ta daɗewa, kuma toshewar tana nan daram. Wanda ya lizimci tafiya na watanni shi ke samun riba mai ɗorewa: bugun zuciya da hawan jini ba sa tashi sosai a aikin da a da yake gajiyar da shi. Tun fiye da shekara ɗari biyu da suka wuce likitan Ingila William Heberden ya ba da labarin wani mai ciwon da ke yankan itace da zarto rabin awa kullum, har ya kusa warkewa.

Hajiya daga Madina: Ni a sa'ayi na gani. Safa da Marwa sau bakwai ya haura kilomita 3. Zuwan farko na tsaya na sa ƙwayar maganin ciwon ƙirji a ƙarƙashin harshe, sauran kuwa a hankali na gama su, jikata na riƙe da keken marasa lafiya ko da za a buƙata.

Direba a Jidda: To Anti, mu riƙa tsokano ciwon da gangan ke nan?

Ma'aikaciyar jinya: A'a, wallahi! A fara a hankali, a guji zafin rana, likita ya tsara iyaka. In ciwon ya zo ana zaune, ko ya ƙi lafawa minti 5 bayan ƙwayar, a kira 997, lambar motar asibiti ta Saudiyya.