Fitilun shagona suna ƙyaftawa idan na koma kan sola

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da shagon ɗinki a wani ƙauye kusa da Ringim. Na sa fitilun LED na zamani, irin masu ratayowa daga silin, don in riƙa ganin zare da daddare. Da wutar gari lafiya lau suke. Amma da zarar na koma kan sola sai su yi ta ƙyaftawa har idona ya yi ja. Batirina 12V ne, inbatar kuma, wato na'urar da ke juya wutar batir ta koma irin ta gari, mai araha ce. Mai gyara ya canza wayoyi, ba ta sauya zani ba.

Shin laifin inbata ne, ko ɗan akwatin da ke daidaita wutar fitilar? Ko in nemi fitilu masu aiki kai tsaye da 12V? Don Allah masana ku taimaka, ɗinkin sallah ya taru.