Ziyarar wuraren ibada na Jodan daga Riyad: mu huɗu ne, kuɗinmu kaɗan

Talatu_Riyad:
Salama gare ku, iyaye da 'yan'uwa. Mu huɗu ne, duka ma'aikatan jinya a Riyad, fasfonmu na Najeriya. Hutun kwana biyar muke da shi, muna so mu je ƙasar Jodan mu ga inda aka yi wa Yesu baftisma, da Dutsen Nebo inda Musa ya hango Ƙasar Alkawari, da abin da ya samu bayan haka. Ta jirgi ya fi ko ta ƙasa? A ina za mu sauka? Kuma Jordan Pass ɗin nan da ake ta magana, tikitin da ya haɗa kuɗin biza da na shiga wuraren tarihi, ya cancanci kuɗinsa?

Dattijo_Jidda:
'Yata, fara da takardu kafin maganar tikiti, domin nan ne tafiya take lalacewa. Kowace a cikinku sai ta sami huruj wa auda, wato bizar fita da dawowa Saudiyya, daga wurin aikinta. Ta fita sau ɗaya riyal 200 ce, tana kai wata biyu. Ku duba ranar da aka rubuta ta dawowa, ku duba kuma igama, wato katin izinin zama, ba ta kusa mutuwa ba, fasfo kuma yana da aƙalla wata shida a gaba.

Sai bizar Jodan. Fasfon Najeriya yana cikin waɗanda ake so a nemi izini kafin a taso. Akwai sassauci ga masu igamar ƙasashen Larabawan Gulf, amma da sharuɗɗa, saboda haka ku je ofishin jakadancin Jodan a Riyad da igama a hannu, a gaya muku matsayin kowace ɗaya. Ma'aikacin jirgi yana da ikon hana mutum shiga tun a nan idan takardarsa ba ta cika ba, tikiti mai araha kuwa yawanci ba a mayar da kuɗinsa.

Dinarin Jodan ya fi riyal nauyi ƙwarai: dinari ɗaya kusan riyal 5.3 ne. Wanda ya ji an ce "goma" ya miƙa ba tare da lissafi ba, ya fitar da riyal 53.

A lissafina, Jordan Pass ba zai amfane ku ba sai in za ku je Petra, tsohon birnin da aka sassaƙa a dutse a kudancin ƙasar. Mafi araharsa dinari 70, kuma yana yafe kuɗin biza na dinari 40 ne kawai idan an saya kafin isowa kuma an cika adadin dararen da suka sharɗanta a kwana a ƙasar. Wurin baftisma ba ya ciki, sai an ƙara dinari 8 wajen saye. Ya zama 78. Ba tare da shi ba: biza 40, wurin baftisma 12, ya zama 52. Dutsen Nebo dinari 3 ne ko da Pass ko babu, tunda limaman Faransiskan ne ke kula da shi. Amma shiga Petra kaɗai dinari 50 ne, to in tana cikin shirinku, ku saya ba gardama. Ku sani kuma Jordan Pass ba ya maye gurbin izinin shiga ƙasa.

Bitrus_Tabuk:
Baba ya gama maganar takardu. Ni zan yi ta masauki da mota, domin a nan ne ku huɗun nan za ku ci riba.

Ku sauka a Madaba, ku bar Amman. Madaba ta fi kusa da filin jirgin Sarauniya Alia, tafiyar kamar rabin awa ce, gari ne ƙarami da Kirista da yawa, kuma kusan duk abin da kuke nema yana kewaye da ita. Ku nemi ɗaki mai gado huɗu ko ɗakuna biyu, ku tabbatar karin kumallo yana cikin kuɗin. A tsakiyar garin akwai majami'ar Saint George ta Otodoks, inda tsohuwar taswirar Ƙasa Mai Tsarki take shimfiɗe a ƙasa, an jera ta da ƙananan duwatsu masu launi tun ƙarni na 6. Ku tsaya a kanta da natsuwa: za ku ga Urushalima da titinta mai ginshiƙai, da Kogin Urdun da kifaye a ciki, ɗaya ya juya baya yana gudun Tekun Gishiri. Ku shiga da sassafe kafin manyan motocin 'yan yawon buɗe ido su iso. Ranar Lahadi da safe ana sujada, ba a buɗe wa masu kallo sai an tashi.

Nebo kusan kilomita 10 ne daga Madaba. Daga can hanya take gangarawa kwari zuwa wurin baftisma, wanda mutanen wurin ke kira Magtas. In kun ce wa direba "Baitanya", sunan wurin a Littafi Mai Tsarki, zai iya yin shiru, ku ce Magtas. Babu motar haya ta kowa da kowa da ke kaiwa ƙofar, saboda haka ku ɗauki tasi ɗaya na yini, ku raba kuɗin gida huɗu. Ku yi ciniki tun da dare kafin ranar tafiyar, a rubuta a waya wuraren da za a tsaya, awa nawa zai jira a kowane wuri, da cewa kuɗin na mota ne gaba ɗaya. Rigimar da aka fi yi ita ce a dawo ya ce farashin na kowane kai ne, ko kuɗin jira daban. Kada ku biya sai an dawo da ku masauki.

Ni da zan tsara, Magtas za a fara, Nebo da yamma. Kwarin yana ƙasa da matakin teku da fiye da mita 300, zafinsa da bazara ya wuce 40, kuma akwai tafiyar ƙafa a ciki. Wurin a bakin iyaka yake, sojoji ke gadi, ba a yawo yadda aka ga dama: a ƙofa ake ajiye mota, a shiga motarsu da ɗan jagora, duk yana cikin kuɗin tikiti. Ku riƙe fasfo, da ruwan sha lita ɗaya da rabi kowace, da abin rufe kai. Ku ware awa biyu.

Mama_Rifkatu:
'Yan'uwana, ku shirya zuciya: kogin ba babba ba ne yanzu. Ruwa ne mai launin ƙasa, faɗinsa 'yan mitoci, kuna ganin mutanen hayi ido da ido suna tasu addu'ar. Shi kansa wurin da ake nunawa na baftismar yana ɗan nesa da bakin ruwan yau, wajen kangon tsoffin majami'u da matakalar dutse, domin kogin ya sauya hanya. Ku karanta Yahaya 1:19 zuwa 34 a nan, Maimaitawar Shari'a 34 kuma a kan Nebo. Ɗan jagora ba ya jira da yawa, don haka ku raba tun a mota wadda za ta yi karatu da wadda za ta ja waƙa. Ruwan kogin ba na sha ba ne. In za ku ɗebo, ƙaramar kwalba ta isa, a naɗe ta a leda a sa cikin jakar da za a auna.

Ban yarda da ɗana Bitrus a kan Nebo da yamma ba. Da yamma rana tana faɗuwa ta yamma, ita ce kuwa fuskar da kuke son kallo, ga hazo, sai Yariko ta ɓace muku. Ku ba Nebo safiyar rana ta biyu, ƙarfe takwas, daga nan ku wuce Mukawir, kagarar Hirudus inda aka fille kan Yahaya Mai Baftisma. Tafiyar kamar awa ɗaya ce kudu da Madaba, sai hawan tudu da ƙafa na minti ashirin ba inuwa. Takalmi mai kama ƙasa, ban da silifa.

Maganar kuɗi tsakaninku: ku yi asusu ɗaya, kowace ta zuba daidai tun a Riyad, ɗaya ta riƙe, wata dabam ta rubuta. Mota, masauki, tikitin shiga da abinci su fito daga nan, tsaraba kuwa kowa da aljihunta. Abincin rana ku sayi burodi, falafil, tumatir da 'ya'yan itace a kasuwar Madaba, domin kusa da Tekun Gishiri komai ya ninka. Tsarabar ibada da za ku dawo da ita Saudiyya ta zama daidai amfanin kanku.

Bitrus_Tabuk:
Mama ta fi ni gaskiya a kan Nebo, na karɓa. Batun hanya kuma, da hutun kwana biyar jirgi za ku bi, awa biyu da 'yan mintoci daga Riyad zuwa Amman. Akwai jirgin ƙasa daga Riyad zuwa Kurayyat, daga can a tsallaka iyaka ta Hadisa a Saudiyya zuwa Umari a Jodan, amma zuwa da dawowa zai cinye muku kwana biyu. Tikitin flynas ko flyadeal yakan yi sauƙi in an saya da wuri, sai dai ku duba ko jakar da ake aunawa tana ciki. Ku guji kwanakin Sallah, kuma ranar Juma'a ƙananan motocin haya tsakanin Madaba da Amman suna ƙaranci sosai.

Talatu_Riyad:
Mun gode, Baba, Mama, Yaya Bitrus, Allah ya ƙara girma. Mun cire Petra, za mu sauka Madaba dare huɗu. Saura rana ɗaya: wuraren ibada na Anjara da Tell Mar Elias a arewa za su yiwu a yini guda daga Madaba, ko sai mun kwana a garin Ajlun da ke kusa da su?