Stalagmite da Hausa: turken kogo ya yi muku?

1/ Salamu alaikum ƴan Damagaram da duk mai jin Hausa. Ina koyar da kimiyyar ƙasa a nan Zinder, kuma akwai kalmar da ta daɗe da tsaya mini a wuya: stalagmite. Yara suna haddace ta da Faransanci, su ci maki a jarrabawa, amma ka ce su yi wa kakarsu bayani a gida, sai baki ya mutu. Abin yana ci mini rai.

2/ Ga yadda take samuwa. Ruwan sama ya ratsa dutsen farar ƙasa, ya narkar da ɗan kaɗan, ya ɗigo daga rufin kogo. Ku leƙa butar shayin da ta daɗe tana tafasa ruwan rijiya, farin ɓawon nan da ya manne a gindinta danginsa ne. A kogo, ɗigo bisa ɗigo, shekaru dubbai, sai dutse ya taso daga ƙasa. Wanda ke rataye daga sama shi ne stalactite.

3/ Ba don kyan gani na damu da ita ba. Agogo ce. Ruwa yana ɗauko ɗan yuraniyom, wannan dai da ake haƙa a Arlit, amma ba ya ɗaukar wani sinadarin da ake kira toriyom. To ran da ɗigo ya daskare, kusan babu toriyom a cikinsa. Daga nan yuraniyom zai riƙa rikiɗa sannu a hankali yana zama toriyom, sai masana su auna nawa ne wannan, nawa ne wancan, su san shekarun kowane hawa, har shekara 500,000 ko fiye. Nau'in oksijin da ke cikin hawan kuma yana nuna ko damina ta yi ƙarfi a lokacin. Da duwatsun kogunan ƙasar Sin, irin su kogon Hulu kusa da birnin Nanjing, aka jera tarihin damina na shekara 640,000.

Murjanin teku ma haka ake yi masa. Ƙumba da katantanwa kuwa da wani nau'in sinadari, kabon 14, ake auna su, shi iyakarsa wajen shekara 50,000. Irin waɗannan ɓawo da ake tsinta a busasshiyar hamada suna cikin shaidun cewa Tafkin Cadi ya taɓa kai murabba'in kilomita 350,000.

4/ Wani abokin aikina ya ce "haƙorin kogo". Siffar ta yi, sai dai haƙori akwai na sama akwai na ƙasa, bai raba mana su ba. Wata ɗaliba ta ce "icen dutse". Wannan ban karɓa ba, don akwai icen gaske da ke zama dutse, za a rikita yara.

5/ Ranar Alhamis na je wurin kawuna mai kiwo, na nuna masa hoton a waya. Ya matso da ita kusa da ido, ya daɗe yana kallo, sannan ya sa yatsa a kan na saman ya ce, "Ɗana, wannan ai hantsa ce, ba ka ga tana zuba ba?" Ya sauko da yatsan: "Ga kuma turke an kafa mata." Na ce, "Kawu, ka gama mini aiki."

Hantsar kogo ta sama, turken kogo na ƙasa. Wanda ya taɓa tatsar akuya ba zai sake juya su ba, kuma ɗigon yana cikin sunan.

6/ Kalmar Faransanci datation kuwa na tsaya a kan "auna shekaru". Ba ƙiyasi ba ne, don da na'ura ake yi, ba kuma ƙidaya ba ce, sai a abubuwa irin su murjanin da ake lissafa zanensa shekara-shekara.

7/ Saura sunan da zai haɗa hantsa da turke da ɓawon da ke shimfiɗe a bangon kogo, spéléothème ke nan. Ina da "daskararren ɗigo" a hannu, amma ya yi mini nauyi a baki. Malamai, iyaye, musamman mutanen Agadas da na Mirriya, me kuke da shi? Ranar Litinin zan shiga aji.