Neman kalmar Hausa: me za mu kira "samphire"?

1/ Jama'a, wata 'yar'uwa da ke zaune a Norwich ta ƙasar Ingila, mai ɗora bidiyon girki da Hausa, ta tambaya me za ta kira samphire. Na jefa tambayar a nan, amsoshi sun taru har sun fi ƙarfin bi ɗaya bayan ɗaya. Bari in tattara su in faɗi inda na tsaya.

2/ Mu fara sanin abin tukuna, don na lura rabin masu ba da suna ba su taɓa ganinsa ba. Ɗan tsiro ne kore shar, tsayinsa bai cika wuce taƙi ɗaya ba, siriri, gaɓa-gaɓa, cike da ruwa. Ba shi da ganyen da ido zai gani, jikinsa ake ci. Yana fitowa a taɓon bakin teku, inda ruwa ke cikowa ya rufe shi sannan ya janye. Gishirin da zai kashe masara ko tumatir cikin 'yan kwanaki, shi kuwa zuƙe shi yake yi ya ajiye a jikinsa, ya tara ruwa ya tsarma shi. In ka ciza sai ka ji ƙaras, sai ruwan gishiri ya cika maka baki. A Ingila an fi saninsa a gaɓar arewacin Norfolk, yankin da Norwich take, wajajen Blakeney da Stiffkey da Wells, kuma kakarsa daga Yuni ne zuwa Agusta. In Satumba ta yi nisa sai ya fara ja, ya yi tauri.

3/ Matsala ta farko daga Turawan ta fito. Tsiro biyu suka haɗa wa suna ɗaya. Akwai na taɓo, wanda masana ke kira Salicornia, dangin alayyahu ne. Akwai kuma na dutse, Crithmum, wanda ke fitowa a tsagin duwatsun bakin teku, shi dangin karas ne, yana da ƙamshi mai hawa kai da ba kowa ke so ba. Asalin sunan ma na dutsen ne. Daga Faransanci ya zo, "ciyawar Saint Pierre", wato waliyyin da Kiristoci ke dangantawa da masunta. Daga baya na taɓon ya gaji sunan, har ya zama in ka shiga shagon kifi yau ka ce samphire, na taɓo za a miƙo maka. Mu da muke raɗa suna sabo, babu dalilin da zai sa mu gaji wannan ruɗani. Na taɓon muke nema wa suna, shi 'yar'uwarmu ke dafawa.

4/ Shawarar da ta fi yawa ita ce "ciyawar teku". A'a. Wannan suna ya riga ya kama wani abu, wato wadda ke cikin ruwan kanta, irin baƙar nan da Japanawa ke naɗe shinkafa da ita. Namu a ƙasa yake tsaye, da saiwarsa da furensa da irinsa. "Ganyen teku" ma haka ne, ya yi faɗi, komai zai iya shiga ciki.

5/ "Ƙafar kaza". Malam, na ga abin da ka gani, rassan sun yi kama. Amma ka rubuta "a wanke ƙafar kaza a tafasa minti uku" ka ga abin da za a kawo maka a faranti.

6/ "Alayyahun teku" kuwa shawarar wani malamin kimiyyar tsirrai ce, kuma ta fuskar dangantaka ya yi gaskiya, gida ɗaya suka fito. Allah ya ƙara ilimi, Malam. Sai dai mai girki ba dangi take ji ba in an ce alayyahu, miya take ji. Za ta yanka shi ƙanana, ta zuba a miyar taushe, ta sa magi biyu da gishiri, tukunya ta tashi aiki. Sunan da zai tura mutum ga irin wannan girki ya cuce shi.

7/ Wata Hajiya da ke karatu a Izmir ta kawo "waken teku", ta ce haka Turkawa ke kiransa, deniz börülcesi, kuma börülce ɗin shi ne ainihin wakenmu mai baƙin ido. Amurkawa da Faransawa ma suna da sunan da ya yi daidai da wannan. Hajiya, sunan na da daɗin faɗa, kuma na gode da yadda kika bayyana girkinsu: a dafa shi sosai, a zare naman daga tsinken da ke ciki, a zuba man zaitun da dakakkiyar tafarnuwa da lemon tsami, a ci da sanyi kusa da kifi. Abin da ya hana ni karɓa shi ne, su ɗanyen kwanson wake suke nufi, koren nan siriri da suke dafawa dungurungum. Bahaushe in ya ji wake ƙwaya yake gani, ta shinkafa da wake da alala da ƙosai. Zai buɗe leda yana neman ƙwaya.

8/ An kuma kawo "ƙahon gishiri", fassarar Salicornia kai tsaye, sunan da masanin tsirrai Linnaeus ya tabbatar a 1753 daga kalmomin Latin biyu, gishiri da ƙaho. A kunnena ya fi kama da wani abu daga zabirar wanzami. Mu wuce.

9/ Wani dattijo ya ce a kira shi "mai-toka", kuma ba da wasa ya faɗa ba. Baba, ka taɓo tarihi. Kafin abin ya zama na gidajen abinci masu tsada, ƙona shi ake yi. A busar da shi da sauran tsirran gishiri irinsa, a cinna wuta, a kwashi tokar a sayar wa masu narka gilashi da masu sabulu. Ɗaya sunan nasa na Turanci, glasswort, daga nan ya samo asali. Larabawa suna kiran irin wannan toka al-qaly, daga nan ne kalmar alkali ta ɗaliban kimiyya ta fito (ba ta da alaƙa da alƙalin kotu, shi daga al-qadi yake). Kasuwar ta fara mutuwa ne bayan da wani Bafaranshe, Nicolas Leblanc, ya samo hanyar fitar da sinadarin da ake nema a tokar daga gishiri a 1791. Mu ma ba baƙi ba ne a wannan sana'a. Ruwan toka na nan a girkinmu, sabulun salo da toka ake yin sa, kuma a ƙasar Barno an daɗe ana ƙona itacen asuwaki a tace tokar a dafe ta ta zama gishiri. Duk da haka, Baba, mai sayen sa a yau ba toka ta kai shi ba. Ci zai yi.

10/ Saura aro. Mutanen Norfolk da kansu ba sa jan kalmar, "samfa" suke cewa. Wannan ya zauna a bakin Bahaushe daram, babu abin gyarawa. Ban ƙi shi ba, kuma zan dawo kansa. Aibinsa ɗaya ne: ba ya gaya wa wanda bai san abin ba komai.

11/ To ni ga inda na tsaya: sha-gishiri.

Ba daga sama na ɗauko ginin ba. Haka Hausa ke raɗa wa tsirrai da ƙwari suna tun fil'azal, ta kama halin abu ta mai da shi suna: sha-zumami, fasa-ƙwari, fid-da-sartse, sha-ni-ka-san-ni. Babban halin wannan tsiro ɗaya ne, shan gishiri, kuma shi ne abin da ya wajaba mai girki ta sani kafin ta ɗora tukunya. Duk ɓarnar da ake yi wajen dafa shi daga hannun da ya saba barbaɗa gishiri take fitowa. In sunan da kansa ya ce ya sha gishiri, hannun zai tsaya. Koriyawa ma ta nan suka bi, hamcho suke ce masa, ma'ana ciyawa mai gishiri.

Na gwada shi a jimla, bai yi tuntuɓe ba. "Nawa ne sha-gishirin nan?" "Ki tsince sha-gishirin kafin kifin ya soyu." "Na bana bai yi tauri ba." Namiji ne, kamar zogale, kuma ba ya buƙatar jam'i.

12/ Wani ya ce mutane za su ji shi kamar umarni, wai sha gishiri. Ai babu wanda ya taɓa jin sha-zumami ya tashi neman zuma. A rubuce karan tsakiya zai raba gardama, a baki kuma jimla za ta raba. Wani ɗan'uwa daga Agadas ya ce sunan ya tuna masa da garken da ake kaiwa Ingal lasar gishiri a ƙarshen damina. Wannan ƙarin ƙarfi ne a gare ni. A Faransa ma, a Baie de Somme da kewayen Mont-Saint-Michel, tumakin da ke kiwo a fadamun gishirin da wannan tsiro ke fitowa namansu daban ake sayar da shi, da tsadarsa.

13/ Yanzu ga yadda bayanin girkin zai fito da sabon sunan, don 'yar'uwa ta ji ko ya shiga.

Ki zuba sha-gishirin a roba, ki wanke da ruwan sanyi, ki canza ruwa har sai kin daina ganin yashi a ƙasa, don taɓo na maƙalewa a tsakanin gaɓoɓin. Ki cire gindin da ya yi itace. Ki tafasa ruwa mai yawa, kada gishiri ya kusance shi. In ya tafasa ki zuba, minti 2 zuwa 3 ya isa. Ki tsane a kwando. In da sanyi za a ci, ki watsa masa ruwan sanyi nan take don korensa ya tsaya. In da zafi ne, ki juya shi a ɗan man shanu, ki matsa lemon tsami, ki barbaɗa masoro. Kifin da za a ci da shi ma ki rage masa gishiri.

In na ƙarshen kaka ne, akwai wani tsinke mai tauri a tsakiyar kowane reshe. Irin wannan sai ki ƙara masa lokaci a wuta, a kawo shi da gindinsa, mai ci ya riƙe gindin ya zare naman da haƙori yadda ake zare tsire daga tsinke. Haka mutanen Norfolk ke ci, wasu da man shanu, wasu da ruwan khal. Suna kuma jiƙa shi a khal cikin kwalba su ajiye don hunturu.

Ni a ganina inda zai fi shiga girkinmu kwaɗo ne: dafaffen sha-gishiri, tumatir, albasa, ɗan attaruhu, garin ƙuli-ƙuli, babu magi babu gishiri. Ki ɗanɗana ƙulin tukuna, wani da gishirinsa yake zuwa. A miya kuwa asara ce, ƙaras ɗin da ake sayensa dominsa zai narke ya bi ruwa. Mai hawan jini ya ci kaɗan, ba ƙarin gishiri nake wa zancen ba.

14/ Ga masu cewa me ya haɗa mu da tsiron Turawa: abin ya daɗe da barin Norfolk. Wanda ake gani a manyan shagunan Ingila a lokacin sanyi nomawa ake yi a ƙasashe masu zafi a kai musu. An noma wani nau'insa da ruwan teku a Meziko da kuma Massawa ta Eritriya, kuma a Janairun 2019 jirgin Etihad ya tashi daga Abu Dhabi zuwa Amsterdam da man da aka gauraya da wanda aka tatsa daga irinsa. Labarin noman ƙasa mai gishiri zai riƙa zuwa gidajen rediyo, masu fassara za su buƙaci kalma.

15/ 'Yar'uwa, wata magana a gefe: in kin je gaɓar da kanki, ki tafi da almakashi ki yanki kan kawai. Dokar Birtaniya ta 1981 ta hana tumɓuke tsiron daji da saiwarsa ba da izinin mai fili ba. Ki kuma tambayi lokacin cikowar ruwa, taɓon nan ba ya wasa.

16/ Saboda haka a bidiyo ki ce sha-gishiri, karon farko ki ƙara da "wanda ake sayarwa da sunan samfa", don mai kallo ya san abin da zai tambaya a shago. Na dutsen kuwa ban yarda ya ci wannan suna ba, tunda ba gishiri ne ya fi fitowa a bakinsa ba, ƙamshi ne. Na bar shi a "samfan dutse" na wucin gadi. Wanda ya taɓa cin sa ya zo ya raɗa masa nasa.